Lambun Gida: Gatarin Kurege

Ga mu a watan Agusta, ruwa ya kankama, gero ya fid da kai, daji kuwa ya yi kore shar. A irin wannan lokaci, wanda ya bi hanyar gona da safe, in ya lura da bakin kurmi ko gindin shinge, yana iya yin kiciɓis da wani fure ja da rawaya yana lilo a kan sabara ko ƙaya, sai ka ce wani ne ya kunna 'yar fitila ya rataye. Sunansa gatarin kurege. A kansa za mu yi magana a wannan wata.

Dalili biyu ya sa muka zaɓe shi. Na fari, cikin furannin dajinmu da wuya a sami wanda ya kai shi kyau, har akwai ƙasar da ta ɗauke shi ya zama alamarta, mu kuwa muna sare shi da lauje tare da ciyawa. Na biyu, wannan tsiro yana kisa, saiwarsa kuwa ta yi kama da abin ci. Gidan da ya san shi zai mori kyansa, ya kuma tsare 'ya'yansa. Gidan da bai san shi ba yana iya yin hasara ta kowane gefe. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

YADDA ZA A GANE SHI

Gatarin kurege tsiro ne mai hawa. Da ruwa ya zauna sai ya ɓullo daga ƙasa da kara guda, siriri, mai taushi, wanda ba ya iya tsayawa da kansa in ya yi tsawo. Ganyensa ne ke ɗaukarsa. Ku dubi ganyen da kyau. Dogo ne mai sheƙi, kamar kan mashi, amma bakinsa ya zarce ya zama zare, zaren kuma ya naɗe kamar ƙugiya. Da wannan ƙugiya yake kama reshe ko ciyawa yana hawa, har ya kai ƙafa 6, wani lokaci 10 ko fiye. Kabewa da duma suna da zaren kamu dabam, ganye dabam. Shi kuwa ganyen ne hannunsa. Wannan alama kaɗai ta isa a gane shi ko da bai yi fure ba.

Furen yana fuskantar ƙasa, amma harsunansa guda 6 sun juya baya sun miƙe sama, gefensu a murɗe, kamar harshen wuta sa'ad da iska ke kaɗa shi. Ran da ya buɗe yakan zama kore-kore. Kwana ɗaya ko biyu sai gindin harsunan ya yi rawaya, bakinsu ya yi ja. In ya tsufa sai duka ya koma ja wur. Saboda haka a kan kara guda ana iya ganin launi iri-iri, gama na ƙasa sun riga na sama buɗewa. A ƙarƙashin harsunan akwai tsinkaye 6 da suka baje kamar haƙarƙarin laima, kowanne da ƙullin gari rawaya a bakinsa. Akwai kuma tsinke na bakwai a tsakiya, wanda ya lanƙwashe gefe kamar gwiwar hannu. Shi ne ke karɓar garin da malam-buɗe-littafi ya kwaso a fukafukinsa daga wani furen, sa'an nan a sami 'ya'ya.

'Ya'yan suna cikin kwanso mai ɗaki 3. In ya bushe sai ya tsage, a ga ƙwayoyi jajaye kamar na dawa. Da kaka ta yi, karan yakan bushe ya ɓace sarai. Saiwar ce kaɗai ke saura a ƙarƙashin ƙasa, tana barci har rani ya wuce.

SUNAYENSA

Daga saiwar nan ya sami sunansa. In an tona za a ga tana da hannu biyu, kowanne kamar kaurin babban yatsa, sun haɗu a gwiwa kamar gatari da ƙotarsa. Kakanninmu suka dubi wannan, suka tuna da kurege mai yawan tone-tone, suka ce ai gatarinsa ne ya manta a rami. A wasu wurare ana ce da shi gudumar zomo, a wasu kuma baurairai. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da tsire-tsire na Hausa, aka buga a 1916, waɗannan sunaye kuwa suna ciki.

Wannan tsiro ba namu ne mu kaɗai ba. Yana fitowa da kansa daga Sanagal har Habasha, ya gangara zuwa Afirka ta Kudu, ya haye teku zuwa Indiya da Siri Lanka. Abin sha'awa, mutanen kudancin Indiya su ma saiwar suka duba suka raɗa masa suna. Inda mu muka ga gatari, su garma suka gani, suka kira shi da sunan da ke nufin saiwar garma. Turawan Ingila kuwa furen ne ya ɗauki hankalinsu, suka ba shi suna mai ma'anar furen harshen wuta. Masana tsire-tsire na duniya duka suna kiransa Gloriosa superba, sunan da wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya ba shi a 1753. Kalmomin Latin ne guda biyu, ma'anarsu kuwa mai ɗaukaka, mai alfarma. Kun ji irin kirarin da aka yi wa abin da ke bakin gonarmu.

DARAJARSA A WASU ƘASASHE

A ƙasar Zimbabuwe, can kudancin Afirka, gatarin kurege ne furen ƙasa. Daminarsu tana zuwa ne lokacin da mu muke cikin hunturu, saboda haka a can yakan yi fure wajen Kirsimati da sabuwar shekara. Tun ƙasar tana ƙarƙashin Turawa, ana kiranta Rodeshiya ta Kudu, ake buga hotonsa a kan kuɗin ƙarfe da kan sarki na wasiƙa. Da suka sami mulkin kai a 1980 sun canza sunan ƙasa, sun canza tuta, amma furen suka bar shi a matsayinsa. Dokar ƙasar ta hana a tsinke shi a daji ko a sayar ba tare da izini ba.

Akwai wani labari da ya ƙara masa suna. A 1947 Gimbiya Elizabeth ta Ingila ta kai ziyara kudancin Afirka tare da iyayenta, a shekarar da ta cika 21 da haihuwa. 'Yan makarantar Rodeshiya ta Kudu, su wajen 42,000, suka yi karo-karo, taro-taro, aka ƙera mata abin ado na maƙalawa a riga, da siffar wannan fure, an jera masa lu'ulu'u kimanin 300. Bayan shekara 5, a watan Fabrairu na 1952, tana ƙasar Kenya mahaifinta ya rasu, sarauta ta faɗo mata. Ran da ta sauko daga jirgin sama a Landan, cikin baƙaƙen tufafin makoki, furen nan ne a kafaɗarta. Ita ce Sarauniyar da ta zo Kaduna a 1956 aka yi mata hawan daba. Ta ci gaba da sa wannan ado a lokatai dabam dabam na mulkinta, wanda ya ƙare da rasuwarta a 2022.

A Indiya kuwa, jihar Tamil Nadu ta ɗauke shi furen jiha. A can yana buɗewa ne wajen Nuwamba da Disamba, daidai watan da suke bikin kunna fitilu, shi ya sa suke kiransa da sunan watan. Mawaƙansu na zamanin dā sukan kwatanta yatsun budurwa da harsunansa. A tsibirin Siri Lanka, kusa da su, ma'anarsa ta sha bamban. An yi yaƙin basasa a can daga 1983 zuwa 2009, 'yan tawayen ƙabilar Tamil kuwa suka ɗauki furen alamarsu, har ya zama abin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin. Fure ɗaya ke nan, ga wasu kyautar yara, ga wasu fitilar biki, ga wasu kuma hawaye.

Kada mu yi mamakin ƙasa ta ɗaukaka furen daji, gama mu ma mun yi haka. Ku dubi tambarin Nijeriya, a ƙarƙashin ƙafafun dawakan nan biyu. Furannin da ke cikin ciyawar na wani tsiron dajinmu ne mai ganye 4 shimfiɗe a ƙasa, wanda Hausawa ke kira takalmin zomo. Shi ma ɗan damina ne. A daji furensa rawaya ne, ko da yake a tambarin ja aka yi masa. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa nuna wa 'ya'yansu shi?

KYAN ƊAN MACIJI

To, yanzu sai uwargida da maigida su kasa kunne sosai. Kyan gatarin kurege kyan ɗan maciji ne. Ganyensa da furensa da karansa duka suna da dafi, amma saiwa da ƙwayar iri sun fi. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi, gashi ba ya kashe shi, shanya ma haka. Maharban dā sun san ƙarfinsa, har sukan sa shi cikin haɗin dafin kibiya.

Hatsarin yana nan ne ga kamannin saiwar. In hannu ɗaya ya karye ya rabu da ɗan'uwansa, sai ya zama kamar siririn dankali ko 'yar doya. Ɓawonsa ruwan ƙasa ne, marar kauri, yana saɓulewa da sauƙi, cikinsa kuwa fari fat. Bambancinsa da doya shi ne jikinsa sumul yake, ba gashin saiwa, ba ya kuma yauƙi. Kada kowa ya ce zai ɗanɗana domin ya tabbatar. Manya ma suna ruɗuwa. A ƙasar Japan, inda ake noma furen domin sayarwa, hukumomin lafiya sun ba da sanarwa a 2007 da kuma 2022 cewa mutane sun mutu bayan sun tono saiwar a lambu sun ci, suna zaton doya ce. A Siri Lanka da Indiya likitoci sun saba da ganin irin wannan. In haka ta faru ga dattijo a lambunsa, ina ga yaron da ya fita kiwo da yunwa a watan da rumbu ya yi ƙasa, yana tone-tone yana gasawa?

Ga yadda dafin ke aiki. An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Kullum suna rabuwa biyu domin su maye gurbin waɗanda suka mutu. Wannan dafi yana hana su rabuwa. Wuraren da ƙwayoyin suka fi saurin rabuwa su ne bangon hanji, da ɓargo inda ake yin jini, da gindin gashi, saboda haka nan ne ɓarnar ke fara bayyana. Bayan sa'a 2 zuwa 6 da ci, mutum zai ji baki da maƙogwaro suna ƙuna, ga ƙishirwa, sai amai da zawo mai tsanani, wani lokaci har da jini. Wani yakan ɗan ji sauƙi bayan kwana ɗaya, iyali su ce an tsallake. Ba a tsallake ba. Daga kwana na 2 zuwa na 7 ne jini da ƙoda da numfashi ke kasawa, a nan ne kuwa ake rasa rai. Wanda ya rayu, bayan mako ɗaya ko biyu gashin kansa yakan zube, daga baya ya sāke tsirowa.

Ku lura, damina ita ce lokacin ciwon amai da gudawa. Yaro na iya cin wannan saiwa a daji, ya dawo gida da amai, kowa ya ce kwalara ce. Saboda haka duk yaron da ya dawo daga daji da irin wannan ciwo, a tambaye shi cikin lallashi abin da ya ci, da wanda suka ci tare. In aka yi masa tsawa zai ɓoye. In akwai ko da zato ne, a kai shi asibiti nan take, kada a jira alamu su ƙaru. A tafi da ragowar saiwar ko ganyen domin likita ya gani. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, gama ba ɗayansu da ke karya wannan dafi. Asibitoci ma ba su da makarinsa a ajiye. Abin da likita zai yi shi ne ya ba da wani gawayi na musamman mai tsotse dafin tun yana ciki, ya yi ƙarin ruwa, ya tallafi jiki har ya fid da sauran. Gawayin nan kuwa yana da amfani ne in an zo da wuri.

Akwai kuma maganar mata. A wurare da yawa na Afirka da Indiya an daɗe ana ba mace wannan saiwa domin a gaggauta naƙuda ko a zubar da ciki, mata kuwa sun mutu ta haka. Mace mai ciki kada ta karɓi jiƙo ko garin da ba ta san abin da ke cikinsa ba, ko wa ya kawo. Dabbobi ma bai bar su ba. Mai yankan ciyawa ya duba daminsa, in ya ga ganye mai ƙugiya a baki ya zare shi kafin ya zuba wa awaki.

DAFIN DA YA ZAMA MAGANI

Duk da haka, wannan dafi yana cikin tsofaffin magungunan da likitoci ke rubutawa har yau. Sunansa kolcisin. Wasu masana biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, su ne suka fara ware shi a 1820, daga wani furen ƙasar Turai wanda yake dangin gatarin kurege. Ana ba da shi ga masu wani irin ciwon gaɓoɓi da ake kira gawut, wanda yakan kama babban yatsan ƙafa cikin dare, ya kumbura ya yi zafi har mutum ba ya son ko mayafi ya taɓa shi. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa ba wasu masu ciwon zuciya ɗan kaɗan daga cikinsa kowace rana. Masana aikin gona su ma suna amfani da shi wajen fid da sababbin iri. Ta hanyarsa aka samo kankana marar 'ya'ya.

Amma ku dubi awon. Ƙwayar magani ɗaya tana ɗauke da wajen rabin miligiram, watau a raba giram ɗaya kashi 2,000 a ɗauki kashi guda. Saiwa ɗaya kuwa tana iya ɗauke da abin da ya kai ƙwayoyi masu yawa, ba kuma mai iya sanin nawa ne ta wurin dubawa, gama ƙarfin wannan saiwa ya bambanta da na waccan. Tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kashewa tazara kaɗan ce ƙwarai. Turmi da cokali ba su iya auna ta.

Saboda wannan magani, manoman Tamil Nadu, musamman a yankunan Tiruppur da Dindigul da Karur, suna noma gatarin kurege gona-gona, suna kafa masa shingen hawa. Da yake tsinken tsakiya ya kauce wa garin furen, ba sa barin aikin ga malam-buɗe-littafi shi kaɗai. Da safe ma'aikata sukan bi fure ɗaya ɗaya suna shafa masa gari da hannu domin 'ya'ya su yi yawa. Ƙwayar irin ce suke sayar wa kamfanonin magani na Indiya da Turai. Kafin a fara noma shi, daga daji ake tonowa, har ya yi ƙaranci a wurare da yawa na ƙasar.

YADDA ZA MU SHUKA SHI

Mu ma namu yana raguwa. Gonaki suna cin daji, feshin maganin ciyawa kuma ba ya barin kome a kan iyakar gona. Wanda yake so jikokinsa su ga wannan fure, yana iya ba shi wuri a gida. Ga yadda ake yi.

Yanzu da yake cikin fure ba lokacin tono ba ne. In an tone shi da ɗanyen ganye, mutuwa zai yi. Abin yi a wannan wata shi ne a kafa turke a gindinsa domin a gane wurin. In kaka ta yi, karan ya bushe, sai a koma. In kwanson 'ya'ya ya nuna, a ɗebi iri. In saiwa ake so, a tona da nisa daga gindin, a hankali, gama tana karyewa kamar alli. A kuma ɗauki ɗaya inda suke da yawa, a bar wa daji sauran.

Kowane hannu na saiwar yana da ido guda a can bakinsa. Daga nan kaɗai tsiro ke fita. In idon ya ƙuje ko ya karye, wannan hannu ya tashi aiki. Ana iya raba saiwar biyu a daidai gwiwa, a bar ciwon ya bushe kwana 2 ko 3, a sami abin shuka biyu. A ajiye su cikin busasshen yashi a tsohuwar tukunya, a rufe, a rubuta DAFI a jiki. Kada a kai tukunyar rumbu ko madafa ko ɗakin da ake ajiye doya da dankali, ko na dare ɗaya.

Da ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sai a shuka. Yana son jigawa mai taushi wadda aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. Wurin da ruwa ke kwanciya yana ruɓar da saiwar. A kwantar da ita kwance, kada a tsayar, zurfin inci 3 ko 4, watau kamar faɗin tafin hannu, tsakanin wannan da waccan kuwa ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi. Wuri mafi kyau shi ne inda gindin zai sami inuwa, kan kuwa ya sami rana, kamar yadda yake yi a bakin kurmi. A kafa abin hawa tun ran shuka, domin kada a soki saiwar daga baya. Ƙugiyar ganyen ƙarama ce, ba ta iya rungumar gungume ko bango. Busassun rassa masu tsinkaye, ko waya, ko igiya siririya, su ne daidai.

Cikin 'yan makonni zai tsiro, bayan kamar wata 2 da tsirowa kuma a fara ganin fure. A kiyaye kan karan, gama in ya karye da wuya a ga fure a wannan shekara. In tsutsa ta kama ganye a tsince ta da hannu. Bayan fure kada a yanke karan, a bar shi ya bushe da kansa, domin a lokacin ne yake tara abinci cikin sabuwar saiwa. Tsohuwar da aka shuka takan shanye, sabuwa ta maye gurbinta. Da rani kada a ba shi ruwa ko kaɗan. Barci yake yi, ruwa kuwa ruɓa shi zai yi.

Mai shuka iri sai ya yi haƙuri. A wanke jan naman da ke jikin ƙwayar, a jiƙa ta kwana ɗaya, a shuka a tukunya. Ba ta tsirowa gaba ɗaya, wata mako kaɗan, wata sai an yi watanni. Daga iri zuwa fure shekara 3 ne ko 4. Amma ta wannan hanya ba a rage wa daji kome ba.

Furen yana jure tsinka, yakan yi wajen mako guda a cikin kwalbar ruwa. Matan zumunta masu shirya furanni domin ɗakin sujada ko wurin ɗaurin aure za su same shi abin fita kunya. Sai dai garinsa yana ɓata farin zane, ruwan jikinsa kuma yana sa wa wasu ƙaiƙayi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, a zubar da ruwan kwalbar inda yaro ko kaza ba za su sha ba, a ɗora kwalbar inda ƙaramin hannu ba ya kaiwa. Saiwar da ba a bukata kuwa a ƙone ta, kada a jefa a juji. A ƙasar Ostareliya, inda aka kai shi domin ado, ya tsere daga lambuna ya mamaye tuddan yashi na bakin teku, har hukuma tana yaƙi da shi kamar muguwar ciyawa.

WA YA KAMATA YA SHUKA?

Ba kowane gida ba. In akwai mai rarrafe ko yaron da bai kai jin magana ba, ko kuwa awaki da aladu suna yawo a tsakar gida, shawararmu ita ce a dakata tukuna. Haka kuma kada a shuka shi a kunya ɗaya da dankali ko doya ko rogo ko rizga, ko kusa da su, gama ranar haƙa ba wanda zai tsaya bambantawa. Wurinsa dabam, da shinge, kowa a gidan kuma ya san abin da ke wurin, har baƙon da ya zo taya aiki.

Amma sanin sa ya zama dole ga kowane gida, mai shuka da marar shuka. Cikin makonnin nan da yake fure ne ya fi sauƙin koyarwa. Maigida, in za ka gona ka tafi da yaran. Ka nuna musu furen su more kallonsa. Ka sa su dubi ƙugiyar da ke bakin ganye, ka gaya musu sunansa da dalilin sunan, ka ba su labarin 'yan makarantar da suka tara taro-taro. Sa'an nan ka gaya musu a fili cewa abin da ke ƙarƙashin wannan ganye ba a ci, ba a gasa, ba a ɗanɗana, in kuwa wani abokinsu ya ci, su sheƙo gida su faɗa ko da ya roƙe su su yi shiru. Yaron da aka nuna wa haka sau ɗaya ba ya mantawa, shi ne kuma zai tsare ƙannensa a wurin kiwo inda babu babba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa.